Wa Ke da Filin? Wasanni, Wariya da Zaman Ɗan Ƙasa daga Kanada zuwa Kakuri



Abin da za a tattauna a wannan lacca shi ne wasanni, amma ba ƙidayar ƙwallaye da kofuna ce ta tara jama'a ba. Tambayar da ke gaba ita ce: in mutum ya shiga fili ya yi wasa da sunan wani gari, mutanen garin suka yi masa tafi, shin ya zama ɗan garin ke nan? In kuwa bai zama ba, wa ya hana, kuma da wace hujja? Za a fara da wata ƙasa mai nisa, watau Kanada, sa'an nan a dawo Kaduna ta zamanin Turawa, a ƙare a Kakuri, unguwar masaƙu da ke kudancin kogin Kaduna, inda tambayar ta fi kusa da kowa.

Wasan Kan Ƙanƙara

A Kanada sanyi kan yi tsanani har tafkuna da koguna su daskare, mutum ya yi tafiya a kansu kamar a kan daɓe. A kan wannan ƙanƙara ake yin wani irin ƙwallon gora. Kowane ɓangare mutum shida ne, suna sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna zamiya da gudu, suna korar wani ɗan faifan baƙar roba da sanduna masu lanƙwasa. An yi wasan farko mai tsari a cikin ɗaki a birnin Montreal a 1875, aka kafa babbar ƙungiyar gasar da ake kira NHL a 1917, a 1994 kuma majalisar ƙasar ta yi doka cewa shi ne wasan ƙasa na lokacin sanyi.

To, kafin Turawan Faransa da na Ingila su isa can, ƙasar tana da masu ita: Cree, Ojibwe, Mi'kmaq, Inuit da sauransu. Masassaƙan Mi'kmaq ma su suka yi suna wajen sassaƙa sandunan wasan tun farkon al'amari. Amma gwamnati, tare da coci-coci, ta kafa makarantun kwana inda aka riƙa kai 'ya'yan waɗannan mutane ko iyaye sun so ko sun ƙi, aka hana su magana da harsunansu, domin a kankare musu asali. Yara kimanin 150,000 suka bi ta cikinsu, dubbai suka mutu a can, ba a kuwa rufe ta ƙarshe ba sai a shekarun 1990. Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara a 2008, hukumar bincike da sasantawa ta fitar da rahotonta a 2015.

A cikin irin waɗannan makarantu ne yara da yawa suka koyi wasan ƙanƙara. Fred Sasakamoose, ɗan ƙabilar Cree wanda aka haifa a 1933, yana ƙarami aka ɗauke shi zuwa makarantar St. Michael's da ke Duck Lake. Ya gwanance har ƙungiyar Shikago ta ɗauke shi a kakar 1953 zuwa 1954. Wasa 11 ya yi mata, sanye da rigar da aka zana kan ɗan asalin ƙasa a ƙirjinta. Daga baya ya koma cikin mutanensa, ya zama shugabansu, ya riƙa koya wa yara wasanni har ya rasu a 2020. Ted Nolan, ɗan Ojibwe, an zaɓe shi mai koyarwar da ya fi kowa a NHL a 1997, amma bai sake riƙe wata ƙungiya a gasar ba sai 2006; a 2005 kuwa 'yan kallo a garin Chicoutimi suka yi ta yi masa ihun kwaikwayon yaƙin kakanninsa. Ethan Bear, ɗan Cree, ya fito fili a 2020 da sunansa rubuce da haruffan harshensu, jama'a suka yaba. Da ƙungiyarsa ta Edmonton ta faɗi a 2021, sai zagin ƙabila ya yi ta sauka a kansa ta intanet. Tun 1971 iyaye 'yan asalin ƙasa a lardin Ontario suka kafa wa 'ya'yansu gasa tasu, saboda abin da yaran ke gamuwa da shi a filayen wasu.

Abubuwa uku suka fito daga wannan labari. Na ɗaya, mai mulki yana iya mayar da wasa makamin sauya halin wanda yake mulka. Na biyu, akan buɗe ƙofa ga gwani guda, a bar danginsa a waje. Na uku, karɓar da ake yi wa gwanin nan takan tsaya ne a kan nasara; ranar da ya yi kuskure ake tuna masa ko shi ɗan wane ne.

Kaduna ta Zamanin Turawa

Babu ƙanƙara a Kaduna, amma abubuwan nan uku ba baƙi ba ne a bakin koginta. Gwamna Lugga ya zaɓi wurin a wajajen 1913, aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Ba daji ne marar kowa aka tarar ba. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna da ƙauyuka da gonaki a yankin, a ƙarƙashin ƙasar Zazzau. A shekarar 1917 ɗin ne kuma aka yi dokar tsarin birane, bisa ga tsarin Lugga aka ware wa Turawa unguwa tasu, aka ce a bar filin da ba gini mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da zazzaɓi. Kulob na Turawa ne, asibitin Turawa daban, manyan muƙaman gwamnati ma sunansu muƙaman Turawa.

A wannan hali ƙwallon dawaki ya shigo. Hafsoshin Ingila suka fara shi a Ikko a 1904, aka kafa kulob ɗin Kaduna a 1918, aka fara gasar kofin Georgian a 1919. Abin lura shi ne, ƙasar Hausa da Barno sun san doki ƙarnuka kafin Bature ya sauka. Masu kiwon dawakin, da masu yankan ciyawa, da masu ɗaura sirdi duk 'yan ƙasa ne, amma hawa don wasa na hafsoshi ne. Wanda ya karya wannan shinge shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Ya ga wasan ya so shi, ya kafa shi a Katsina, 'ya'yansa da fadawansa suka koya har suka riƙa ka da Turawa. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da aka san shi har a ƙasashen waje, jikansa Janar Hassan Usman Katsina shi ma ya gaji sanda. Wannan abin alfahari ne, amma ƙofar gidan sarauta aka buɗe wa. Talakan da ke wanke dokin yana nan inda yake.

Haka kuma a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, aka kai ta Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, wadda a yau ake kira Barewa. Malaman Ingila sun ɗauki kurket da fayif, watau wasan bugun ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, a matsayin hanyar gina halin da suke so ga ma'aikatan En'e na gobe. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a can ya koyi fayif, bai kuwa rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Ba za a kwatanta wannan kwaleji da makarantun Kanada ba, domin ba a ƙwace yara daga iyayensu don a raba su da addininsu ba. Duk da haka, tunanin cewa filin wasa makaranta ce ta sarrafa ɗan ƙasa iri ɗaya ne. Abin da Turawan ba su zata ba shi ne, ɗaliban nan su ne za su karɓi mulki daga hannunsu.

Ƙwallon ƙafa shi ya zama rabon talaka, domin ba ya bukatar doki ko bango. Dokta Nnamdi Azikiwe ya kafa kulob ɗinsa na wasanni a Ikko a 1938 don 'yan ƙasa su sami inda ba za a dube su da ido ɗaya ba. A 1947 wani otal mai suna Bristol a Ikko ya hana Ivor Cummings ɗaki, alhali kuwa babban ma'aikaci ne daga Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, don kawai baƙar fata ne. Hayaniyar da ta biyo baya ta tilasta wa Gwamna Richards ya soke wariyar launi a asibitoci da sauran wuraren jama'a. A 1949 'yan ƙwallon Nijeriya suka je Ingila, yawancinsu ba takalmi, suka ci wasansu na farko da ci 5 da 2. A 1953 Kano ta ɗauke kofin Gwamna daga hannun ƙungiyoyin Ikko.

Bayan samun mulkin kai a 1960, Nijeriya ta tsaya tsayin daka a kan wariyar launi a wasanni. A 1976, shekarar kisan yaran Soweto, ta shiga sahun ƙasashen Afirka fiye da 20 da suka janye daga wasannin Olimfik na Montreal, saboda an ƙi korar Niyu Zilan wadda 'yan wasanta suka je Afirka ta Kudu. Abraham Ordia, ɗan Nijeriya, yana cikin jagororin wannan mataki. A 1978 ma ta ƙi zuwa wasannin Kwamanwel a Edmonton. Dukkan biranen nan biyu a Kanada suke, a lokacin da wasu makarantun kwanan da aka ambata ke buɗe. Sai dai Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Saboda haka ya kamata a dawo gida.

Kakuri da 'Ya'yan Masaƙa

Jirgin ƙasa da masana'antu su suka gina Kakuri. Mahaɗar layin dogo na Ikko da na Fatakwal a kudancin kogi take. Gwamnatin Jihar Arewa, tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957. A shekarun 1960 Nortex, da UNTL, da Arewa Textiles suka biyo, aka kafa ma'aikatar makamai ta DIC a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot kuma ya fara aiki a 1975. Dubban ma'aikata suka kwararo: Hausawa, Fulani, Gbagyi, Bajju, Atyap, Nufawa, Tibi, Idoma, Igala, Yarabawa, Ibo da mutanen Edo. Gidan haya ɗaya, famfo ɗaya, jiniya ɗaya ke tashinsu, Hausa kuma ta zama harshen tsakar gida. Adams Oshiomhole a Arewa Textiles ya fara aiki, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999.

Kamfanonin nan suna da ƙungiyoyin ƙwallo, kuma a wurinsu ƙafa ake dubawa. A ƙungiyar UNTL ne wani yaro mai suna Rashidi Yekini, wanda aka haifa a Kaduna a 1963, ya fara fitowa a farkon shekarun 1980, kafin ya wuce Shooting Stars ta Badun, da Abidjan, da Fotugal. Ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993. Ran 21 ga Yuni 1994 ya ci wa Nijeriya ƙwallonta na farko a gasar kofin duniya, a ragar Bulgeriya, ya kama ragar yana kuka. Jimillar ƙwallayen da ya ci wa ƙasa 37 ne. Ƙungiyar DIC Bees kuwa ita ta zama Ranchers Bees, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ta ci kofin Afirka ta Yamma a 1989, ta kuma fito da Daniel Amokachi. Da Nijeriya ta ci zinare a Olimfik na Atlanta a 1996, mutum biyar a cikin 'yan wasan haifaffun Kaduna ne: Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro da wansa Emmanuel. Musulmi da Kirista ne. A wasan ƙarshe da aka ci Ajantina 3 da 2, Celestine da Amokachi kowa ya ci ɗaya. A daren nan babu wanda ya tambayi ƙauyen kakan wani.

Takardar Asali

Amma da gari ya waye akwai ofis, a ofis kuwa akwai takarda. Tsarin mulkin 1979 ya shigo da manufar raba muƙamai daidai tsakanin sassan ƙasa, na 1999 ya riƙe ta a sashe na 14, aka kuma kafa hukumar kula da ita a 1996. Sashe na 147 ya ce kowace jiha za a naɗa mata minista wanda yake ɗan asalinta. A aikace, zaman ɗan asali yana bin ƙabilar iyaye da kakanni ne, ba ya bin wurin haihuwa ko daɗewar zama. Daga nan takardar shaidar asali, wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa, ta zama mabuɗin gurbin karatu, da tallafin ɗalibai, da aikin gwamnati, da shiga soja. Alhali kuwa sashe na 42 na wannan tsarin mulki ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko wurin asali, ko addini.

Bisa wannan ma'auni, Yekini ɗan Ira ne ta Jihar Kwara, inda aka binne shi a 2012. Kaduna ta haife shi, Kakuri ta koya masa sana'a, amma a takarda baƙo ne. Shi ya yi suna, bai bukaci takardar ba. Abokan wasansa na ƙuruciya da ba su yi suna ba fa, da 'ya'yansu, waɗanda ba su san wani gari ba sai wannan? In sun nemi takarda a nan a ce su koma gida. In sun je can a ce ba a san su ba.

Wajibi ne a yi adalci a nan. Wariyar launi ta Turawa da wannan tsari ba abu ɗaya ba ne. An yi manufar raba daidai ne don kada waɗanda suka riga samun boko su cinye komai, Arewa kuma tana cikin waɗanda aka yi ta dominsu. Ƙananan ƙabilu suna da dalilin tsoron a mamaye su a ƙasar kakanninsu. Gbagyi ma su ne suka fi kama da Cree a wannan labari: birni ya cinye gonakinsu, sunansu kuma ya zama abin ba'a a bakin Bahaushe, har in mutum bai iya magana ba a ce yana gwaranci. Wanda ke jin zafi in an kira shi aboki da raini a Ikko, ya kamata ya auna nauyin kalmomi irin su arne da ƙabila a bakinsa. Inda cutar take shi ne, kalmar ɗan asali, wadda a Kanada suna ce ta wanda aka zalunta, a nan ta zama ƙofa mai rufewa, kuma kowa mai rufewa ne a wani wuri, wanda aka rufe wa ne a wani.

Sakamakon bai ɓuya ba. Rikicin Fabrairu da Mayu na 2000, da na Nuwamba 2002, da na bayan zaɓen 2011 sun raba Kaduna biyu: Musulmi da yawa suka ƙaura daga kudancin kogi, Kirista da yawa suka bar arewacinsa. A daidai wannan lokaci Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, saboda rashin wuta, da tsufan injuna, da kayan fasa-ƙwauri. Da masaƙa ta mutu, ƙungiyar ƙwallonta ta bi ta. Yaron Tudun Wada da yaron Kakuri, waɗanda iyayensu suka tsaya a injin ɗaya, sai ya zama da wuya su haɗu ko a fili. A zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, daga 2015 zuwa 2023, gwamnatin jiha ta ba da sanarwar soke bambanci tsakanin ɗan asali da mazauni, ta kafa hukumar rajistar mazauna. Mataki ne mai ma'ana, amma sanarwar jiha ba ta goge abin da hukumomin tarayya ke nema.

Abin da Ya Rage ga Ma'aikaci da Ɗalibi

Gyaran tsarin mulki aikin majalisa ne, amma akwai abin da ke hannun waɗanda ke zaune a wannan zaure. Ma'aikacin hukumar wasanni shi ke rubuta sunayen da za su wakilci jiha a bikin wasanni na ƙasa, wanda aka fara a 1973 don ɗinke ɓarakar yaƙin basasa, Kaduna kuma ta karɓi baƙuncinsa a 1977 da 2009. Ya kamata ya zaɓi yaro bisa makarantarsa da unguwarsa da gwanintarsa, kuma in yaron ya kawo lamba, a tuna da shi ranar rabon tallafin karatu da ɗaukar aiki. Ma'aikacin filaye shi ke sa hannu a yanka filin makarantar firamare a mayar da shi shaguna. Ya sani cewa a irin wannan fili aka sami mutum biyar ɗin nan na Atlanta. Ma'aikacin ilmi yana iya tsara gasar makarantu yadda dole 'yan arewacin kogi su haye gada zuwa Kakuri da Makera, na kudu su je Kawo da Unguwar Rimi. Ma'aikacin ƙaramar hukuma kuma, in doka ta ɗaure masa hannu a kan takardar asali, ba ta umarce shi ya wulaƙanta mai nema ba.

Ɗalibai su ne 'yan kallon yau, su ne kuma za su riƙe alƙalamin gobe. Ranar da ɗan wasa ya zubar da ƙwallo, a soki ƙafarsa, a bar ƙabilarsa da addininsa. Masu nazarin tarihi da zaman jama'a kuma su hanzarta zuwa Kakuri, domin tsofaffin ma'aikatan masaƙa da masu koyar da ƙwallonsu suna ƙarewa, labarin yadda suka zauna tare yana tafiya da su.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Gaskiya ne ga wanda ya kwana ya wuce. Amma wanda aka yanke wa cibiya a Kakuri, ya yi makaranta a can, ya binne iyayensa a can, ya sa rigar Kaduna ya shiga fili, raɓarsa ta daɗe da zama ruwan rijiya. Ya rage ga hukuma da jama'a su yarda da abin da filin wasa ya riga ya nuna musu.

Allah ya zaunar da ƙasar nan lafiya.